Littafin da ke Hannun Yaronka, Shekararsa Nawa?

Kwanan baya mun kai ziyara gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda ya daɗe da ajiye alli. Muka tarar da jikarsa, 'yar aji biyar, zaune a bakin zaure ta haɗa kai da gwiwa, da wata takarda a cukuikuye a hannunta. Ashe malaminsu ne ya ba su aikin gida, ya ce kowa ya zano taswirar Nijeriya da jihohinta. Yarinyar nan ba ta yi ƙyuya ba. Ta buɗe akwatin kakanta, ta ɗauko wani littafin taswira mai kaurin bango, ta zauna gindin fitila tana kwafa har dare ya yi nisa, ta shafa wa kowace jiha launinta. Da gari ya waye ta kai wa malam. Malam ya duba ya ce, "Ina Taraba? Ina Adamawa? Wace ce kuma Gongola?" 'Yan aji suka kwashe da dariya.

Dariyar ta yi mata ciwo, amma akwai abin da ya fi ci mata rai. Ta ce, "Kaka, ai kai ka ce mini abin da ke cikin littafi gaskiya ne."

Tsohon ya karɓi littafin, ya buɗe bayan shafin farko, ya nuna mata wasu 'yan ƙananan lambobi da yatsa. "Karanta mini wannan, amaryata." Ta karanta, 1979. Ya ce, "To, a wannan shekara jihohi 19 ne, Gongola tana cikinsu, ni ma a cikinta na yi koyarwa. Sai a 1991 aka raba ta biyu, aka fitar da Adamawa da Taraba. Littafin bai yi miki ƙarya ba. Tsufa ya yi kamar ni, ni kuwa na manta ban faɗa miki ba."

Mun daɗe muna juya maganar tsohon nan a zuciya. Iyaye da yawa suna ƙoƙari ƙwarai wajen saya wa 'ya'yansu littattafai, wasu har sukan rage kuɗin cefane domin wannan. Amma sau da yawa abin da muke dubawa shi ne kyan bango da arahar kuɗi. Matar da ta je sayen gero ba ta yarda da abin da ke saman buhu ba, sai ta tura hannu can ciki ta ɗebo, ta murza, ta busa, ta ga ko akwai ƙwari ko tsakuwa. Haka ya kamata a yi wa littafi, gama abin da ke cikinsa kan yaro zai shiga, fitar da shi kuwa ya fi shigar da shi wuya.

Littattafai iri biyu ne

Akwai littattafan ƙagaggun labarai, irin su tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ko *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam. Waɗannan ba sa tsufa. Yaro ya san aku ba ya zama waziri, ba kuwa wanda zai faɗi jarrabawa domin Gizo ya yi wa kura wayo. Akwai kuma littattafan ilmi, watau waɗanda suke bayanin abin da yake akwai: labarin ƙasa, tarihi, rayuwar sanannun mutane, dabbobi da tsire-tsire, taurari, kiwon lafiya, noma da sana'a. A kan waɗannan muke magana a wannan wata.

Littafin ilmi kamar mai ba da shaida yake a gaban alƙali. Yana faɗin abin da ya gani, a ranar da ya gani, daga wurin da yake tsaye. Alƙali mai hankali yakan tambayi mai shaida ya ce, yaushe ka gani, kai wane ne, a ina kake tsaye sa'ad da abin ya faru. Babba yana iya yin waɗannan tambayoyi. Yaro kuwa, duk abin da ya gani da baƙin tawada a kan farar takarda, a wurinsa magana ta ƙare. Saboda haka aikinmu ne mu yi masa tambayoyin tun yana ƙarami, mu kuma yi su a gabansa, har ranar da zai iya yi da kansa.

Fara da shekara

Ku buɗe bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin. Nan ake rubuta sunan masu bugawa da shekarar bugu, da ƙananan baƙaƙe. Sai dai a lura, shekarun sukan zo biyu ko uku. In littafin na Turanci ne kuka ga an rubuta "Reprinted", ma'anarsa tsohon ne aka maimaita, ba a taɓa kome a ciki ba. Abin nema shi ne "Revised" ko "New Edition", watau an bi shi an gyara. Littafi yana iya fitowa daga injin bugu bana, yana ƙanshin sabuwar takarda, alhali kuwa maganarsa ta shekara talatin ce.

Ga kaɗan daga cikin abubuwan da suka sauya a zamanin mutanen da suke da rai yanzu. Jihohin Nijeriya 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sa'an nan 36 a 1996. Babban birnin ƙasar ya tashi daga Ikko ya koma Abuja a watan Disamba na 1991. Littafin lissafin da ke magana da fam da sule da sisi, kafin 1973 aka rubuta shi, shekarar da naira da kwabo suka fito. Dahomi ta zama Benin a 1975, Upper Volta ta zama Burkina Faso a 1984. Dā Sudan ce ƙasar da ta fi kowace girma a Afirka, amma tun da Sudan ta Kudu ta sami 'yancinta a 2011, Aljeriya ce ta ɗaya. Mutanen duniya biliyan 4 ne a 1974, suka kai biliyan 8 a watan Nuwamba na 2022.

Har sararin sama ma bai tsira ba. Yawancinmu an koya mana cewa duniyoyi tara ne suke kewaya rana, na ƙarshensu Fuluto, wadda aka gano a 1930. A watan Agusta na 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi taro, ta tsai da sababbin sharuɗɗa, ta sa Fuluto cikin jerin ƙananan duniyoyi. Yanzu takwas ake koyarwa. Fuluto tana nan inda take, masana ne suka ƙara sani, suka gyara lissafinsu.

Ba kowane fanni ne yake tsufa da sauri ɗaya ba. Littafin da ya bayyana yadda ƙwayar wake take tsirowa, ko yadda ƙudan zuma yake gina saƙa, yana iya yi wa gida aiki shekaru da yawa. Taswira, yawan jama'a, na'urori da magani, su ne masu saurin tsufa. In za a kashe kuɗi a kan sabon littafi, a fara da waɗannan.

Inda tsohon littafi yake da haɗari

Kuskuren taswira dariya yake jawowa. Kuskuren littafin kiwon lafiya kuwa yana iya kai mutum kabari, shi ya sa muke so mu tsaya a nan kaɗan. Yara suna son littattafan taimakon farko, sukan haddace abin da ke ciki, wata rana kuma su ne za su kasance a gona ko a gida sa'ad da babu babba kusa.

Tsofaffin littattafai da yawa sun koyar cewa in maciji ya sari mutum a ɗaure ƙafar tamau, a tsaga wurin da reza, a tsotse dafin. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana duk waɗannan. Ɗaurin tamau yana kashe ƙafa, tsagar kuwa tana ƙara zubar jini, balle in kububuwa ce, wadda dafinta yake hana jini daskarewa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa a kan sara ma an gwada shi, ba ya janye dafi. Abin yi shi ne a kwantar da mutumin, a cire masa zobe ko munduwa kafin wurin ya kumbura, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti inda ake da allurar kashe dafi, irin asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe.

Haka kuma zazzaɓin cizon sauro. Littafin da ya ce a ba da kulorokwin ya faɗi abin da ya dace da zamaninsa, amma ƙwayar cutar ta saba da maganin, har Nijeriya ta sauya shi a 2005. Yanzu gwajin jini ake fara yi, sa'an nan ma'aikacin lafiya ya ba da maganin da ake amfani da shi yau. Asfirin ma, dā akan ba yara in jikinsu ya yi zafi, amma tun cikin shekarun 1980 likitoci suka yi gargaɗi a daina, domin yana iya jawo wata muguwar cuta da take taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. In yaro ya ƙone, kada a shafa man shanu, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge haƙori. A riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har wajen minti 20.

Akwai wani sanannen littafin kiwon lafiya na David Werner, *Where There Is No Doctor*, wanda yake cikin gidaje da ƙananan asibitoci da yawa. Ya fara fitowa da harshen Sifaniyanci a 1973, da Turanci kuma a 1977, tun daga lokacin masu shi suna ta gyara shi bugu bayan bugu. Wannan ita ce alamar littafin kirki, masu shi ba sa jin kunyar gyara. Shawararmu ita ce, kowane littafin lafiya da ke gidanku, ku kai wa ma'aikacin jinya ko likita ya duba muku shi kafin ku bar yara su haddace.

Mai littafin, a ina yake tsaye?

Shekara da shekaru ana tambayar 'yan makaranta, wa ya gano Kogin Kwara, su kuwa su amsa da ƙarfi, Mungo Park! Gaskiya ne wannan likita ɗan ƙasar Sikotilan ya isa bakin kogin a garin Segu a 1796, ya dawo karo na biyu ya rasa ransa a Busa a 1806, sa'an nan a 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin har inda ya shiga teku. Duk wannan tarihi ne mai kyau a sani. Amma da Park ya isa Segu, birni ya tarar cike da mutane da jiragen ruwa. Biranen Gawo da Tambutu sun daɗe a kusa da wannan ruwa, Nufawa da Sarkawa kaka da kakanni suna su a cikinsa. Mutanen Turai ne ba su san inda kogin ya nufa ba, Park kuwa su ya je ya gano wa. Marubucin da ya ce "ya gano" a Ingila yake tsaye. Yaro mai shekara goma yana iya fahimtar wannan sarai in an yi masa bayani, kuma zai riƙa lura da irin wannan kalma duk inda ya sake gamuwa da ita.

Littattafan da ake kawowa daga ƙasashen waje, ko na kyauta ko na gwanjo, da yawansu masu kyau ne, sai dai don yaran can aka rubuta su. Za ka ga littafi yana koyar da lokutan shekara huɗu da hoton ƙanƙara tana zuba, yaronmu kuwa abin da ya sani bazara, damina, kaka da rani. Za ka ga wani ya ce da tsakar rana inuwa arewa take nufa koyaushe. A Ingila haka yake. A ƙasarmu kuwa, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, inuwar tsakar rana kudu take nufa, domin rana takan wuce ta arewa da kanmu. Akwai kuma dabbar nan mai ratsi-ratsi da Turawa suke kira taiga, wadda wasu suke fassarawa da damisa. Damisa dabbare-dabbare gare ta, tana kuwa cikin dazuzzukan Afirka. Taiga dabbar Asiya ce, babu ita a dajin Afirka ko kaɗan.

Ba muna cewa a ƙi littattafan waje ba ne. Yana da kyau yaro ya san yadda wasu suke zama. Amma a riƙa ce masa, "Wannan a ƙasarsu ke nan, mu a nan yaya namu yake?" A duba kuma yadda littafin yake maganar mutane. In ya raina wata kabila, ko wani addini, ko masu wata sana'a, ko ya nuna cewa ilmi na maza ne kaɗai, to ko da lambobinsa daidai ne, akwai tsakuwa a cikin hatsin.

Gwajin da za a yi tun a kanti

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ku biya, ku roƙi mai kanti ya bar ku ku buɗe littafin, ku yi masa waɗannan gwaje-gwaje.

Na farko, ku nemi abin da kuka riga kuka sani sosai. Manomi ya buɗe shafin dawa ko gyaɗa, uwargida ta buɗe shafin abinci ko renon jariri, wanda ya san garinsu ya nemi garin a taswira. In littafin ya yi kuskure a abin da kuka sani, me zai sa ku amince masa a abin da ba ku sani ba?

Na biyu, ku duba ko akwai sunan marubuci da na masu bugawa, da ɗan bayani a kan ko shi wane ne. Littafin da ba shi da suna, ba shekara, ba adireshi, kamar maganin da ake tallarsa a tasha ne, in ya yi ɓarna ba wanda za a kama. Ku kuma yi hankali da bugun sata, wanda ake ganewa da dusassun hotuna, da shafuffukan da suka ɓace ko suka juye. Yana da araha, amma haƙƙin marubuci ne aka ci, sau da yawa kuma tsohon bugu ne aka kwafa.

Na uku, ku ga ko akwai jerin abubuwan da ke ciki a farko, da fihirisa a ƙarshe, watau jerin kalmomi bi da bi daga A zuwa Z tare da lambar shafi, da kuma wurin da aka bayyana ma'anar kalmomi masu wuya. Littafin ilmi marar waɗannan kamar kasuwa ce marar layi.

Na huɗu, hotuna. Kowane hoto ya kamata ya zo da bayani a ƙarƙashinsa. Sau da yawa akan zana tururuwa da giwa girmansu ɗaya a shafi guda, ƙaramin yaro kuwa ba shi da hanyar sanin bambanci. Littafi mai kyau yakan sa mutum, ko hannu, ko ma'auni a gefen hoton domin a gane ainihin girman abin.

Na biyar, ku je da yaron. Malamai suna da wata dabara mai sauƙi: a buɗe shafi ɗaya a tsakiyar littafin, yaro ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, sai dai a karanta tare da shi. In kuwa bai lanƙwasa ko ɗaya ba, watakila ya wuce wannan littafi.

Na ƙarshe, ku saurari harshen marubucin. Wanda yake cewa "masana suna tsammani", ko "har yanzu ba a tabbatar ba" a inda ya kamata, ya fi wanda ya san kome da kome abin amincewa.

Kada a zubar da tsofaffin

Da tsohuwar zuma ake magani. Hausa tana da gādo mai kyau na littattafan ilmi. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, ita ta fitar da *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu*. Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta *Ikon Allah*, inda suka bayyana halittu iri iri da Hausa mai daɗi wadda yaro zai gane. Imam ya kuma rubuta *Tafiya Mabuɗin Ilmi* a kan tafiyarsa zuwa Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda yake da irin waɗannan a gida, ya adana su. Ingilar da Imam ya gani ba ita ce ta yau ba, amma ganin da ya yi mata da idon Bahaushe, ba a sabon littafi za a same shi ba.

Tsohuwar taswira ma malama ce in an ajiye ta kusa da sabuwa. Ku nuna wa yaro Tafkin Chadi a taswirar shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, sa'an nan ku nuna masa yadda ya tsuke bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ku nuna masa tsohuwar Busa, wadda ruwa ya rufe bayan an gama madatsar Kainji a 1968. Da kansa zai fara tambaya, mutanen wurin fa, ina suka koma? Wannan tambaya ta fi haddar sunaye goma amfani.

Ku ɗauki fensir, ku rubuta shekarar littafin ɓaro-ɓaro a bango. Inda abu ya sauya, ku ja layi siriri, ku rubuta gyaran a gefe tare da shekararsa. Ku bar yaron ya yi rubutun da hannunsa.

Daga shafi zuwa tsakar gida

Ba a karanta littafin ilmi daga bango zuwa bango kamar tatsuniya. Daga tambaya ake farawa. Yaro ya ce, "Mama, daga ina sauro yake fitowa?" Maimakon a ce masa ya yi shiru, sai a ce, "Ɗauko littafinka mu nema." A nuna masa yadda zai sami kalmar sauro a fihirisa, ya buɗe shafin da kansa. Zai karanta cewa macen sauro ce kaɗai take cizo, a ruwa kuma take ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa, cikin mako ɗaya ko biyu ta fito da fiffike. Watakila ya karanta labarin Ronald Ross, wanda ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a ƙasar Indiya a 1897.

To, gani ya kori ji. A fita bayan ɗaki a duba kwatami, da tsofaffin gwangwanaye, da fasassun tukwane. A ɗebo ruwa mai tsutsotsin nan a kwalba, a ɗaure bakinta da ƙyalle, yaro ya riƙa dubawa kowace safiya yana zana abin da ya gani. Littafi mai kyau zai gaya masa cewa tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓi a kwance take a fuskar ruwa, na sauran kuwa a rataye suke kai ƙasa. Ranar da ya ga sauro a cikin kwalbar, ba sai an sake ce masa ya kife gwangwanaye ba.

Haka za a yi da wake a jiƙaƙƙen tsumma, a ga saiwa ce take fara fitowa ko ganye. Haka za a kafa sanda a tsakar gida, a riƙa sa alama a bakin inuwarta da tsakar rana sau ɗaya a wata, a ga ko maganar da muka yi a sama gaskiya ce. Kada ku yarda da mu ma sai kun gwada.

Iyayen da ba su yi karatun boko ba, kada su ce ba ruwansu. Yaro ya karanta da ƙarfi, ya fassara, kaka ta ce, "A'a, ba haka muke shanya kuɓewa ba." Ita ma mai shaida ce, shaidarta kuwa ta shekara saba'in ce. In littattafai biyu suka saɓa wa juna, kada a yi saurin cewa ɗaya maƙaryaci ne. A duba shekarunsu, a duba inda aka rubuta su, a tambayi malami ko wanda ya san abin. In uba bai san amsa ba, ya ce bai sani ba, su nema tare. Girmansa ba zai ragu ba.

Waɗannan tambayoyi su ne kuma za su tsare yaro ranar da waya ta shiga hannunsa. Saƙon da ake turowa ta WhatsApp, da abin da ake samu a intanet, yawancinsu ba sunan marubuci, ba shekara. Yaron da ya saba buɗe bayan shafin farko, shi ne zai tsaya ya ce, wa ya faɗa, yaushe kuma?

Littattafai suna da tsada, mun sani. Amma tsintsiya ɗaya ba ta shara. Gidaje biyar ko shida a unguwa ɗaya, ko zumuntar mata, suna iya haɗa kuɗi su sayi sabon littafin taswira ɗaya, da ƙamus, da littafin kimiyya, a sa su a akwatin ƙarfe saboda gara, a naɗa yaro ɗaya mai rubuta sunan wanda ya ara.

Da muka koma gidan dattijon nan bayan mako biyu, muka tarar da shi da jikarsa a kan tabarma, tsohon littafin a buɗe, sabuwar taswirar da suka aro a gefe. Yarinyar tana jan layi da fensir a tsakiyar Gongola, tana rubuta 1991. Ta riga ta fitar da Gombe daga Bauci, da Nasarawa daga Filato, kowace da 1996 a gefenta. Ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, wannan sabuwar fa, ita ma za ta tsufa?" Ya ce, "Sosai ma. Duba mini shekararta."

A wannan wata muna roƙon kowane gida ya keɓe yamma ɗaya. A fito da littattafan da ke cikin akwati da kan kabad, a kakkaɓe ƙura, a tara yara, kowa ya ɗauki ɗaya ya nemo shekararsa. Na lafiya a ware su gefe a kai wa ma'aikacin jinya. Sauran kuma a fere fensir a fara aiki. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu.